Idan gaggawa ta zo, doka faɗuwa take yi ko wata ce ke maye gurbinta?

Mai_Neman_Sani
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ake yawan yi, wai lokacin gaggawa babu doka, kowa ya yi ta kansa. Ni ban yarda ba. A fahimtata doka ba ta faɗuwa, wata ce daban da aka tanada tun kafin ranar take maye gurbin ta yau da kullum. Ina roƙon masu sanin abin su warware mana: a asibiti, a wajen gobara, a jirgi, a kotu, me ke sauyawa takamaimai? Wa ke da ikon cewa yanzu an shiga halin gaggawa? Kuma yaushe ake komawa yadda aka saba?

Nas_Ɗakin_Gaggawa
Wa alaikumus salam Malam. Bari in ɗauki ɓangaren lafiya. Ranar da komai ke daidai, wanda ya fi jin jiki shi ake fara gani, a tara masa ma'aikata da kayan aiki. Amma idan masu rauni suka fi ƙarfin masu ceto, kamar gini ya rufta ko manyan motoci su yi taho-mu-gama, lissafin juyewa yake yi. Tsarin tantancewa da ya fi yaɗuwa sunansa START, an fito da shi a Kalifoniya a 1983, kuma ba a so a wuce minti 1 a kan mutum guda.

Da farko a ɗaga murya a ce duk mai iya tafiya ya koma gefe. Waɗanda suka tashi ana ba su launin kore, za su jira. Sauran a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ya numfashi a gyara masa kai a buɗe hanyar iska. In numfashi ya dawo, ja ne, wato cikin waɗanda za a fara ceta. In bai dawo ba, baƙi ne, a wuce. Mai numfashi fiye da sau 30 a minti, ja. Wanda ba a ji bugun jijiya a wuyan hannunsa ba, ko aka danna farcensa jini bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, ja. Wanda aka ce masa "matse hannuna" ya kasa, ja. Wanda ya tsallake duk wannan amma ba ya iya tashi, rawaya, zai bi bayan masu ja. Abu biyu kaɗai mai tantancewa ke tsayawa yi: buɗe hanyar numfashi da tsayar da jini mai kwarara. Ba a danna ƙirji a wannan zagayen.

Uwar_Gida_24
Subhanallah. A ga mutum ba ya numfashi a wuce shi? Wannan ya yi min nauyi gaskiya.

Nas_Ɗakin_Gaggawa
Yana da nauyi Hajiya, babu mai musu. Amma danna ƙirji sau 100 zuwa 120 ake yi a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, kuma ana son a canji mai yi duk bayan minti 2 saboda gajiya. Wato mutum ɗaya zai riƙe masu ceto biyu ko uku na tsawon lokaci, alhali wanda zuciyarsa ta tsaya saboda mummunan rauni da wuya ya dawo. A daidai wannan lokacin, wanda babbar jijiyar cinyarsa ta yanke jininsa na iya ƙarewa cikin 'yan mintuna, kuma ɗauri ɗaya ya isa ya cece shi.

Likita_Tiyata
Bayanin Sista daidai ne, sai dai akwai togaciya. Idan aradu ce ta faɗa wa jama'a, tsarin juyawa ake yi: waɗanda suke kwance kamar matattu su ake fara zuwa wa, don wutar takan dakatar da numfashi da zuciya ne, kuma sau da yawa suna dawowa in aka danna ƙirji aka hura iska da wuri. Masu ihu da motsi galibi za su rayu. Na biyu, yara suna da nasu ma'aunin. Yaron da ba ya numfashi amma ana jin bugun jijiyarsa, ana hura masa iska sau 5 kafin a yanke hukunci, kuma iyakar numfashinsa tsakanin 15 da 45 ne a minti, ba 30 ba.

Kuskuren da ya fi kashe mutane shi ne a ɗauki launin farko a matsayin na ƙarshe. Mai tafiya da ƙafarsa yana iya kasancewa saifarsa ta fashe, jini na taruwa a cikinsa, bayan rabin awa ya faɗi. Dole a bar wani yana lura da 'yan kore, a riƙa sake tantancewa.

Barista_H
Ta fuskar shari'a maganar mai tambaya tana kan hanya. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan 'yancin jama'a da na siyasa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1966 ta fara aiki a 1976, ta ba gwamnati dama a sashe na 4 ta jingine wasu haƙƙoƙi. Amma da sharuɗɗa. Dole barazanar ta kasance ga rayuwar al'umma gaba ɗaya, dole a shelanta dokar ta-ɓacin a hukumance, matakin kada ya wuce abin da halin ya tilasta, kada a nuna bambanci don launin fata ko jinsi ko harshe ko addini, sannan a sanar da sauran ƙasashe ta hannun Babban Sakatare.

Akwai kuma waɗanda ba a taɓa su ko sama za ta faɗo: haƙƙin rayuwa, haramcin azabtarwa, haramcin bautar da mutum, haramcin ɗaure mutum don kawai ya kasa cika yarjejeniya, haramcin hukunta mutum da dokar da aka kafa bayan ya aikata abin, matsayin mutum a gaban doka, da 'yancin tunani da addini. Za a iya hana ka fita da dare, a hana taro, a rufe hanya. Ba za a iya azabtar da kai a ce ai gaggawa ce ba.

Ɗalibin_Fiƙihu
Barista, ƙa'idojin fiƙihu ma sun zo da wannan tsarin tun tuni. Kowa ya haddace "larura tana halatta abin da aka hana", sai a tsaya nan. Alhali tana da 'yan'uwa biyu da ba a raba ta da su: larura ana auna ta daidai gwargwadonta, kuma abin da ya halatta saboda uzuri yana faɗuwa da gushewar uzurin. Aya ta 173 a Suratul Baƙara da ta yi rangwame ga wanda aka matsa, ta gindaya cewa kada ya zama mai zalunci ko mai ƙetare iyaka. Misali mafi sauƙi taimama: tana da yadda ake yin ta, ba yadda mutum ya ga dama ba, kuma da an samu ruwa an koma alwala.

Ɗan_Kwana_Kwana
Ni tambaya ta biyu ce ta fi damuna, wato wa zai ce yanzu a sauya. Nan ne ake asarar rayuka.

Ku dubi gobarar benen Grenfell a Landan, 14 ga Yunin 2017. Bene ne mai hawa 24, matakala ɗaya tak. Ƙa'idar irin waɗannan gine-gine ita ce in wuta ba a gidanka take ba ka zauna ciki ka rufe ƙofa, domin an gina kowane gida ya iya tare wuta kamar na awa guda, kuma zaman mutane a ciki yana barin matakala fili ga masu kashe wuta. Ƙa'ida ce mai kyau muddin wutar tana tsare a gida ɗaya. Amma rufin da aka manna a jikin benen ta waje yana da roba mai cin wuta a tsakiyarsa, wutar ta bi ta waje ta haura sama. Kiran farko ya shigo da ƙarfe 12:54 na dare, ba a janye umarnin zama a ciki ba sai 2:47. Kwamitin bincike ya ce tsakanin 1:30 da 1:50 ya kamata a janye shi. Mutum 72 suka rasu.

Dalilin da aka kafa ƙa'idar a kansa ya riga ya rushe, ana ta maimaita ta a waya. Shi ya sa ba ya isa a koya wa ma'aikaci ƙa'ida, sai an koya masa abin da take tsaye a kai, da alamar da zai gani ya san ta daina aiki.

Injiniya_Mai
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Irin wannan ta faru a dandamalin haƙo mai na Piper Alpha a Tekun Arewa, 6 ga Yulin 1988, mutum 167 suka rasu. Famfunan kashe wuta an mai da su sai an kunna da hannu, saboda ƙa'idar kare masu ninƙaya da ke aiki a ƙarƙashin ruwa, da wuta ta tashi babu wanda ya iya isa gare su. Dandamali biyu na kusa, Tartan da Claymore, suka ci gaba da turo mai da gas cikin bututu suna hango wutar, domin shugabanninsu ba su ga suna da ikon dakatar da aiki ba tare da izini daga tudu ba. Mutane da yawa kuma suka taru a ɗakunan kwana kamar yadda aka koya musu, suna jiran jirgi mai saukar ungulu da hayaƙi ya hana shi sauka. Da yawa daga cikin 61 da suka tsira teku suka faɗa. Tsari mai kyau dole ya rubuta ƙarara cewa na kusa da hatsari yana da ikon kashe inji ba sai ya kira kowa ba, kuma ba za a hukunta shi ba in daga baya aka ga bai zama dole ba.

Bala_Direba
To ai wannan ya nuna masu cewa babu doka suna da gaskiya kenan. Waɗanda suka bi doka sun mutu, waɗanda suka karya sun rayu.

Matuƙin_Jirgi
A'a Malam Bala, kada a yi saurin yanke wannan. A harkar jiragen sama doka da kanta ce ta ba matuƙi dama. Dokar Amurka mai lamba 91.3 ta ce in gaggawa ta taso yana iya kauce wa kowace ƙa'ida gwargwadon abin da halin ke buƙata, kuma ana iya neman ya yi bayani a rubuce daga baya. Amma kaucewar ma tana da tsari. Tuƙi farko, sannan sanin inda aka dosa, magana da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ita ce ta ƙarshe. A faɗi Mayday, kalmar neman agajin gaggawa, sau uku, a sa lamba 7700 a na'urar da ke nuna jirgi a rada, 7600 in rediyo ce ta mutu, 7500 in fashin jirgi ne. Mitar gaggawa a rediyo 121.5 ce.

Ga kuma inda rashin bin ƙa'idar gaggawa ya yi kisa. A kullum umarnin mai kula da zirga-zirga shi ne gaba. Amma jirage suna da na'urar kauce wa karo, in ta yi magana ita ake bi, ko da mutumin hasumiya ya faɗi akasin haka, don na'urorin jiragen biyu sun riga sun daidaita tsakaninsu wa zai hau wa zai sauka. Ranar 1 ga Yulin 2002 a sararin Überlingen a kudancin Jamus, na'ura ta ce wa jirgi ɗaya ya hau, mai kula ya ce ya sauka, suka bi mai kula. Ɗaya jirgin yana sauka bisa umarnin na'urarsa. Suka yi karo, mutum 71 suka rasu.

Uwar_Gida_24
Kyaftin, shi kuma cewa uwa ta sa wa kanta abin shaƙar iska kafin ɗanta fa?

Matuƙin_Jirgi
Lokaci ne Hajiya. A tsayin ƙafa 35,000 in iskar cikin jirgi ta fice, daƙiƙa 30 zuwa 60 mutum ke da su kafin hankalinsa ya gushe, kuma ba ya jin yana gushewa. In kika sa naki, ko yaron ya suma zai farfaɗo da kin sa masa. In kika suma ke, babu mai sa wa kowa. Iskar takan kai minti 12 ko fiye kaɗan, ta isa matuƙi ya sauko ƙafa 10,000 inda ake numfashi ba taimako. A fizgi robar ƙasa tukuna, fizgar ce ke kunna ta.

Jami'ar_Agajin_Farko
Tunda an taɓo ɗaurin tsayar da jini a sama, bari in cika, don nan ma koyarwa ta sauya. Da ana cewa kada a ɗaure sai an rasa yadda za a yi, kuma a riƙa sassautawa lokaci-lokaci. Yanzu an bar wannan. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ba ta tsayar da shi ba, a ɗaure santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ko gaɓa ba, a murɗa har jinin ya tsaya cak. Zai yi zafi sosai, zafin ba dalilin kwancewa ba ne. A rubuta lokacin da aka ɗaura. Kada a sassauta, aikin asibiti ne. In bai tsaya ba a ƙara na biyu sama da na farko. Kada a yi da igiya ko waya, siririn abu yanka nama yake yi, a samu ƙyalle mai faɗi da sanda mai ƙwari. Ɗauri sako-sako ya fi rashinsa illa, don yana toshe hanyar komawar jini ya bar ta zuwansa a buɗe, sai zubar ta ƙaru.

Likita_Tiyata
Haka ne. A ƙara da biyu. Ba a yi wa mutum aiki sai da yardarsa, amma wanda ya suma kuma jira zai kashe shi ana ɗauka ya yarda, iyakar abin da zai ceci ransa kawai, ba a haɗa da abin da zai iya jira ya farka. Jini ma a ƙa'ida sai an gwada dacewa, abin da kan ci kusan awa guda. In babu lokaci a ba da rukunin O, a ajiye O mai alamar ragi domin 'yan mata da matan da ke shekarun haihuwa. Amma a ɗebi samfurin jinin majinyacin kafin a sa masa ledar farko, in ba haka ba gwajin baya zai rikice.

Injiniyar_Ruwa
Ba duk gaggawa ce ta minti biyar ba, wata watanni take yi. A sansanin waɗanda ambaliya ko yaƙi ya raba da gidajensu, ma'aunin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi ya sa aƙalla lita 15 ga mutum a rana, wurin ɗiban ruwa kada ya wuce mita 500, banɗaki ɗaya ga mutum 50 a farkon lamari, a matsa zuwa ɗaya ga 20, kuma ramin ya yi nesa da rijiya da mita 30. A kwanakin farko yawan ruwa ya fi tsarkinsa muhimmanci, ruwa mai matsakaicin kyau da ya isa wanke hannu ya fi ɗan kaɗan mai tsabta ƙal.

Kulorin da ya rage a ruwan sha a saba 0.2 zuwa 0.5 ne na miligiram a lita, in kwalara ta ɓarke a ɗaga zuwa tsakanin 0.5 da 1, a bar shi minti 30 kafin a sha. Ruwa mai laka sai an tace ko ya kwanta, laka cinye kulorin take yi. Ruwan kulori na wanke hannu 0.05 cikin ɗari, na zubawa kan amai da bayan gidan mai kwalara 2 cikin ɗari. A rubuta a jikin kowane bokiti, a haɗa sabo kullum.

Sai gawawwaki. Bayan girgizar ƙasa ko ambaliya akan ruɗe a haƙa rami ɗaya a zuba kowa don tsoron annoba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha bayyana cewa wanda rauni ko ruwa ya kashe ba ya haddasa annoba. A ba kowace gawa lamba, a ɗauki hoto, a rubuta inda aka sa ta, don danginta su same ta. Inda ake tsananta ƙa'ida shi ne Ebola da kwalara, can gawar tana yaɗa cuta, ma'aikata masu kayan kariya ne ke ɗauka.

Barista_H
Mu koma tambaya ta uku da ba a amsa ba, komawa daidai. Rumawan da in suka naɗa mai cikakken iko saboda yaƙi, wata 6 ne iyakarsa. A Jamus sashe na 48 na kundin tsarin mulkin wancan lokacin, na Weimar, aka yi amfani da shi a Fabrairun 1933 bayan gobarar majalisa aka jingine 'yancin jama'a, ba a dawo da shi ba har mulkin ya faɗi a 1945. Masar ta zauna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci daga 1981 bayan kashe shugaba Sadat har 2012. Faransa ta kafa a Nuwamban 2015 ta ɗage a Nuwamban 2017, amma sai da ta shigar da wani ɓangare na ikon cikin dokar yau da kullum. Don haka abin dubawa a kowace dokar ta-ɓaci: tana da ranar mutuwa da kanta? Majalisa ce ke sabunta ta ko wanda ya kafa ta? Ƙofar kotu a buɗe take?

Likita_Tiyata
Barista, a lafiya saurin ɗagewa ma hatsari ne. Ebola ba a cewa ta ƙare sai an yi kwana 42 babu sabon kamu, wato ninki biyu na kwana 21 da cutar ke iya ɓoyewa a jiki. Korona an ayyana ta a matsayin gaggawar duniya 30 ga Janairun 2020, aka janye 5 ga Mayun 2023, kuma a tsakanin nan kwamiti ya riƙa zama duk wata 3 yana dubawa. Wa'adin kalanda kaɗai ba ya wadatarwa, sai da ma'aunin da za a gani a ƙasa.

Mai_Neman_Sani
Allah ya saka da alheri. Zuwa yanzu ina nan kan bakata cewa wata doka ce ke maye gurbi, sai dai maganar Malam Bala ba ta fita raina ba. Akwai lokacin da ita kanta dokar gaggawar ba ta dace da abin da ke gaban mutum ba?

Matuƙin_Jirgi
Akwai. 15 ga Janairun 2009, jirgin da ya sauka a kogin Hudson a New York bayan tsuntsaye sun kashe injinansa biyu. Takardar matakan mutuwar inji biyu an rubuta ta ne don jirgin da ke can sama sosai mai wadatar lokaci, su kuwa ba su kai ƙafa 3,000 ba, kuma ƙasa da minti 4 suka samu. Kyaftin Sullenberger ya kunna ƙaramin injin bayar da lantarki tun kafin a iso wurinsa a jerin matakan, kuma ba su kai ƙarshen takardar ba. Duka mutum 155 suka rayu. Amma ya san dalilin kowane layi a takardar ne, shi ya sa ya san wanda zai ɗauko ya gabatar.

Bala_Direba
Na ji, amma mutum nawa ne ke da irin wannan horon? Talaka da ke cikin bene yana jin umarni a waya fa?

Ɗan_Kwana_Kwana
Shi alamomi zai riƙe. In hayaƙi ko wuta ta shigo inda kake, umarnin zama ya faɗi, fita. Taɓa ƙofa da bayan hannu kafin ka buɗe, in da zafi kada ka buɗe, toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen ƙyalle ka je taga a gan ka. In ka fita ka ja ƙofa ta rufu a bayanka, ka sunkuya ƙasa da hayaƙi, ka bi matakala. Kada ka shiga lif, wutar lantarki na iya ɗaukewa ko ƙofarta ta buɗe maka a hawan da ke ci.

Mai_Gadin_Masana'anta
Tambaya ga ɗan kwana-kwana. Dokar tsaro ta ce a kulle ƙofofin baya saboda sata, dokar gobara ta ce a bar su. Wacce za a bi?

Ɗan_Kwana_Kwana
Ƙofar fita ba a sa mata kwaɗo ko sarƙa muddin da mutum a ciki. A masana'antar ɗinki ta Triangle a New York a 1911 ƙofa a kulle take, ma'aikata 146 suka mutu. A zauren Victoria Hall a Ingila a 1883 yara 183 suka mutu a turmutsitsi a bakin ƙofar da ke buɗewa ta ciki an kuma sa mata sakata, daga nan aka ƙirƙiro ƙarfen nan na kwance da ake turawa ƙofa ta buɗe. Shi za ku sa: ta waje a kulle take, ta ciki turawa ɗaya. A haɗa mata ƙararrawa don a san an buɗe. In makullin lantarki ne, a tabbatar irin wanda ke sakewa ne in wuta ta ɗauke ko ƙararrawar gobara ta kaɗa. Ku gwada shi ta hanyar kashe masa wuta da gangan, ku tura ku gani, kuma ku zagaya ta waje ku duba ba a jibge kaya ko an ajiye mota a bayan ƙofar ba.